Tashar auna yanayi ta zama makwancin awaki: laifin mai bayarwa ko na mai karɓa?

Hadiza Malamar Gona:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Mun kai irin wake wani ƙauye a arewacin Maradi, sai na hangi shingen waya a bayan makarantar boko, cikinsa dogon ƙarfe mai 'yan kofuna da iska ke juyawa, ga wani farin akwati a maƙale a jikinsa. Na gane abin, tashar auna yanayi ce irin mai aiki da kanta, wadda ke tura bayani ta layin waya. To farantin sola babu, sai ƙarafan da aka ɗora shi a kai. Mazurarin ruwan sama ya cika da ƙasa da kashin tsuntsu har ciyawa ta tsiro a ciki. Ƙofar shingen da tsumma aka ɗaure ta, awaki uku na kwance a inuwar akwatin suna tuƙa. Allon da ke ɗauke da tutoci da tambarin waɗanda suka ba da kuɗin shi kaɗai ne bai ji jiki ba. Na tambayi maigari, ya ce tun ranar da aka zo da motoci aka ɗauki hoto bai ƙara ganin kowa ba, kuma ba a bar masa makulli ba, ba a ce masa ga abin da zai yi ba. Kullum muna ji a rediyo an ba da tallafin kaza don ƙarfafa hukumar hasashen yanayi. Shin haka abin yake ƙarewa ko'ina, ko ni ce na faɗa a kan mummuna?

Abdul-Aziz Yamai:
Wa alaikumus salam Malama. Ai kin ga tallafi da idonki. Kamfaninsu ya ƙera na'urar, ƙwararrensu ya zo ya kwana a babban otal ya rubuta rahoto, kuɗin ya zagaya ya koma inda ya fito. Mu aka bar mana allo. Zanen aro ba ya rufe katara.

Baba Ilya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata Hadiza. Abin da kika gani ba baƙo ba ne a wurina, shekara talatin da ɗoriya na yi ina wannan aiki kafin in ajiye. Amma Abdul-Aziz, yi haƙuri in faɗi nawa kafin ka yanke hukunci.

A zamaninmu tashar mutum ce, ba akwati ba. Duk bayan awa uku za ka fita, dare ko rana, da fitila a hannu, ka buɗe ɗan farin akwatin katako mai tagogi ka karanta zafi da laima, ka dubi sama ka rubuta irin girgijen da ke akwai da yawansa, ka duba inda iska ta fuskanta. Da sassafe ka juye ruwan da ya taru a ma'auni cikin kwalba mai zane ka rubuta milimita nawa. Komai yana shiga babban littafi da biro, a kuma aika shi cikin lambobi. A ƙauyuka kuwa malaman makaranta da malaman gona da jandarmomi ne ke riƙe da ma'aunin ruwa. Shi ya sa da damina kuke jin Muryar Sahel tana jero garuruwa, wuri kaza milimita kaza. Wani ne ya tashi da asuba ya karanta.

Abin ya fara zubewa lokacin da aka tsuke bakin aljihun gwamnati aka daina ɗaukar sabbin ma'aikata, sannan aka shiga shekarun 1990 da albashi ke yin wata da watanni bai fito ba. Tsoho ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. Ma'aunin zafi ya fashe ba a sayi wani ba. Da masu tallafi suka zo da tasha mai aiki da kanta sai manya suka yi murna, wai an huta da biyan mutum. Nan aka yi kuskure. Wannan akwatin ya fi tsohuwar tasha buƙatar mutum. Batir yana mutuwa, zafinmu ba ya barin batir ya daɗe. Layin wayar da ke ciki sai an riƙa sa masa kuɗi. Ƙurar hunturu tana rufe farantin sola. Zanzaro yana gina ɗaki a cikin mazurari. Sai an sa mai a mota ma'aikaci ya zagaya aƙalla kafin damina da bayanta. Shirin tallafi yana biyan duk wannan shekara uku, huɗu, biyar. Ranar da ya rufe, ba a tanadi ko dala ɗaya ba a kasafin ƙasa. An ba ka doki, ba a ba ka harawa ba, kai kuma ba ka nema ba.

Hadiza Malamar Gona:
Allah ya ƙara girma Baba. To amma su masu bayarwar ba su san haka ba ne? Ai ba yau suka fara ba.

Injiniya Bashir Katsina:
Sun sani sarai Malama, har sun rubuta da hannunsu. Dalilin da ya sa ke nan aka kafa asusun da ake kira SOFF a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, a ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya WMO da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Bambancinsa da tsohon salo shi ne ba ya tsayawa a sayen kaya. Matakinsa na ƙarshe biya ne a kan sakamako: in tasharka tana aiki, bayaninta yana isa duniya a kan lokaci, a taimaka maka da kuɗin gudanar da ita. In ta yi shiru, kuɗin ma ya yi shiru. An yi shi ne don ƙasashe mafi ƙarancin ƙarfi da ƙananan tsibirai. Akwai kuma ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2023, cewa a samu tashar ƙasa a kowane kilomita 200 mai ba da bayani duk awa, da tashar sakin balan-balan a kowane kilomita 500, sau biyu a yini.

Baba Ilya Mai Ritaya:
Balan-balan ɗin nan shi ne mai cin kuɗi. Wajen ƙarfe ɗaya na rana da ɗaya na dare agogonmu ake sakinsa, a cika shi da iskar haidirojin, a rataya masa 'yar na'ura mai auna yanayin can sama. Yana tashi har ya fashe, na'urar ta faɗi wani daji, shi ke nan ta tafi. Gobe sai sabuwa. Lissafa sau biyu kullum har shekara.

Abdul-Aziz Yamai:
Injiniya ka faɗi maganar da bakinka, "bayaninta yana isa duniya". Wato su biya mu ladan gadi, mu tara musu bayanan sararin samaniyarmu su kwashe. Da yuraniyom ne, yanzu har iska.

Injiniya Bashir Katsina:
Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ni a wurina wannan rabin shi ne ƙarfinmu. Tabbas suna buƙatar bayananmu. Manyan kwamfutocin hasashe irin na cibiyar Turai mai hedikwata a Reading ta Ingila duniya gaba ɗaya suke lissafawa, in Sahel ta zama rami a lissafin, hasashen Turai ma yana raunana bayan 'yan kwanaki. Da yawa daga manyan guguwowin da ke afka wa Amurka da tsibiran Karebiyan daga kaɗawar iskar da ke ratsa samanmu zuwa yamma suke farawa. Saboda haka ba sadaka ba ce, ciniki ne, kuma ya kamata mu shiga ɗakin da wannan fuskar.

Amma bambancinsa da yuraniyom: in ka ba da bayanin ruwan jiya, bai ragu a hannunka ba. Sannan dubi abin da ke dawowa. Hoton hadarin da masu hasashenmu ke kallo a Yamai da Abuja daga tauraron Meteosat na Turawa yake zuwa, na'urorin karɓarsa ma Tarayyar Turai ce ta biya a yawancin ƙasashen Afirka. Hadarinmu daga gabas yake tasowa. Wanda zai sauka a Damagaram gobe, yau yana kan Chadi. In kowa ya kulle nasa a aljihu, kai ne za ka fara makancewa.

Alhaji Mamman Na Gona:
Ni fa duk turancin nan ya wuce ni. Bara na yi binne, hadari ya zo ya ɗan jiƙa ƙasa, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke kwana goma sha bakwai. Duk ya ƙone. Na sake sayen iri da tsada na sake shuka. Wa ya gaya mini? Kakanninmu in sun ga shamuwa ta dawo, gawo ya fara zubar da ganye, sun san damina ta matso. Yanzu shamuwar ma ta rikice. In masu na'ura ba za su iya ce mini "Mamman dakata, fari na tafe" ba, su kwashe ƙarafansu mu samu wurin ɗaure awaki da hujja.

Hadiza Malamar Gona:
Alhaji ka ba ni dariya, amma ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A cikin duk kayan tallafin da na gani da idona, wanda ya fi amfanar manomi shi ne mafi arha: ɗan ma'aunin ruwa na roba, kamar kofi mai zane, a kafa shi a kan sanda a tsakiyar gona. An raba irinsa a ƙasashenmu ta wani shiri da hukumar yanayi ta Sifaniya ta tallafa, ana bi gari-gari ana zama da manoma. Abin da muke koya musu ba wuya: in ruwan da ya sauka cikin kwana uku a jere bai kai milimita 20 ba, kada ka fitar da irinka duka. Wannan ƙa'ida daga binciken da aka yi a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta samo asali, kuma tana da sharaɗi na biyu, kada a samu ɗaukewar ruwa fiye da kwana bakwai a cikin wata gudan da ke biye. To sharaɗi na farko manomi zai gani da idonsa a kofinsa. Na biyun ne aikin masu hasashe, kuma nan ne ƙarfinsu bai kai yadda ake so ba.

Akwai wata tsohuwa a ɗaya daga ƙauyukan da nake zuwa, ba ta yi boko ba, jikanta ke karanta mata lambar, ita kuma ta zana a bangon ɗaki da gawayi. Mazan garin tun suna yi mata dariya har suka koma aiko yara su tambaya ko ya kai.

Injiniya Bashir Katsina:
Gaskiya ne, kuma kada a ɗora wa ma'aikatanmu laifin duka. Ruwan Sahel yana da wuyar hasashe ko ga manyan kwamfutocin duniya. Hadari ɗaya zai jiƙa wannan unguwa ya bar ta kusa da ita a bushe. Kwamfutar kuma da me za ta gyara kuskurenta in babu ma'auni a ƙasa da zai gaya mata ta yi kuskure? WMO ta daɗe tana cewa yawan tashoshin Afirka kashi ɗaya ne cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Tashar da Malama ta gani awaki na kwance a ciki, tana cikin dalilan da ba a iya ce wa Alhaji ya dakata ba.

Baba Ilya Mai Ritaya:
Ku dubi Mali. Tun 1982 suka fara wannan aiki na ma'auni a hannun manomi da sanarwar kwana goma-goma a rediyo, da tallafin Suwizalan. Abin da ya sa ake ba da misali da shi har yau ba yawan kuɗin ba ne. An daɗe ana yi, shekaru sama da ashirin, ba uku ba, kuma da Turawan suka janye gwamnati ta ɗauki nauyin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ustaz Habibu:
Salamu alaikum. Ina bin maganar, sai dai a riƙa sa in sha Allahu. Saukar da ruwa na Allah ne shi kaɗai, mutane da yawa a karkara abin da ke hana su sauraron masu hasashe ke nan, suna ganin shiga gaibu ne.

Baba Ilya Mai Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, ba mu taɓa cewa mu ke saukar da shi ba. Wanda ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce a kwashe shanya bai shiga gaibu ba. Mu dai idonmu an ɗora shi sama ya hango nesa kaɗan.

Ustaz Habibu:
Na gamsu Baba, ni ma haka nake faɗa. Nufina a riƙa zama da limamai in za a kai saƙon, sun fi allo da tuta tasiri.

Shugaban Zaure:
An goge tallar takin zamani da wani ya saka. Don Allah a tsaya kan magana.

Lawali Harobanda:
Ni bari in kawo ta ɓangaren ambaliya, don jiki magayi. Satumbar 2020 ina cikin waɗanda ruwa ya kora a Yamai. Kada wani ya ce ba a yi gargaɗi ba, an yi. Kullum ana faɗin tsayin kogi a rediyo, an ce ya wuce jan layi na santimita 620, yana ta hawa har ya doshi mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba. Muna ji. To mu je ina? Da wace mota? Wa zai tsare mana ɗaki? Sai muka yi ta cika buhuna da yashi muna addu'a. Daren da datsi ya ɓalle ta wajen Lamorde, abin da na fitar shi ne yara da takardu da buhun shinkafa ɗaya a ka. Ruwa har ƙirji, tsohuwata a bayan wani maƙwabci.

Abin da ke ba ni mamaki, garin nan fa shi ne matattarar masana. AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da ruwa don noma, tana nan tun 1974, bayan babban farin da ya sa aka kafa CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, a 1973. ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka gaba ɗaya, tana nan. Hukumar kogin Neja tana nan. AGRHYMET ɗin ma a gefenmu take, wannan gaɓar ta kogi. Ilimi bai yi ƙaranci ba. Tsakanin wanda ya sani da wanda ruwa zai ci ne babu gada.

Injiniya Bashir Katsina:
Allah ya kiyaye gaba Lawali. Jan ruwan da ke cin Yamai da damina ba daga Gini yake zuwa ba, wancan sai wajen Disamba da Janairu yake isowa a hankali. Na damina daga rafukan da ke gangarowa ta Burkina Faso ne, musamman Sirba. A kan Sirba ɗin akwai aikin da Italiya ta tallafa tare da hukumar yanayi ta Nijar, ana kiransa SLAPIS, an kafa ma'aunai a Bossey Bangou da Garbey Kourou, an kuma shafa launuka a jikin ginshiƙai a ƙauyuka don kowa ya ga inda ruwa zai kai in an ce kore ko ja. Irin wannan nake kira tallafi mai hankali, don ya sauko har ƙofar gida. Sai dai yankin Tilaberi ne, kowa ya san halin tsaro a can, zuwa gyaran na'ura ba ƙaramin abu ba ne.

Zainabu 'Yar Rediyo:
Lawali ya ce babu gada, to mu ne ake cewa gadar, bari ku ji yadda take. Ina aiki a wani gidan rediyon al'umma. Sanarwar hasashen damina tana iso mini a waya da Faransanci, shafi da yawa, da taswira mai launi. A kan yankinmu an rubuta lambobi uku, misali 45, 35, 20. Ma'anarsu wai yiwuwar ruwa ya fi na kullum, ko ya yi daidai, ko ya gaza. Ku gaya mini yadda zan faɗi wannan da Hausa ga mai sauraro a gona. In na ce "bana ruwa zai yi yawa" na yi ƙarya, don ba haka takardar ta ce ba. In na karanta lambobin, ya kashe rediyo. Wata shekara na ce za a samu damina mai albarka, ruwa ya yi yawa har ya rushe ɗakuna, wani dattijo ya tare ni a kasuwa ya ce "'yar nan, wannan ce albarkar?"

An taɓa kiranmu horo na kwana uku a babban gari, aka ba mu kuɗin zama da jaka mai tambari. Ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Amma man janareto da za a kunna a watsa sanarwar kullum ba ya cikin lissafin kowa. A Senegal na ji hukumarsu ta ƙulla yarjejeniya ta dindindin da ƙungiyar gidajen rediyon al'umma, ana fassarawa zuwa harsunan gida. Abin da muke roƙo ke nan.

Nura Kano:
Mu a nan Najeriya hukumar yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina duk farkon shekara, har da fassarar Hausa, jiha-jiha da ranar faɗuwar damina. Tana da makarantar horo a Legas da wata a Katsina, har wasu ƙasashen Afirka ta Yamma take taimaka wa. Ba ta dogara da tallafi kamar na Nijar ba. Amma me ya hana? Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600. Dam ɗin Alau ya ɓalle a 10 ga Satumba 2024 ya shanye Maiduguri. Ga ambaliyar Mokwa a ƙarshen Mayun 2025. Kenan ko an cire masu tallafi a lissafi, tsugune ba ta ƙare ba.

Wani abin lura: a Afrilun 2025 ma'aikatan NiMet sun shiga yajin aiki, nan take wani babban kamfanin jirage ya dakatar da tashi, cikin 'yan kwanaki minista ya zauna da su. Da manoma ne kaɗai abin ya shafa, wa zai ji?

Baba Ilya Mai Ritaya:
Nura ka gano bakin zaren. Kusan ko'ina a ƙasashenmu hukumar yanayi 'yar gidan sufuri ce, don jirgin sama ne ya haife ta kuma shi ke biya. A ƙasashe masu Faransanci tashoshin manyan filayen jirgi suna hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, shi ya sa ba ka taɓa jin batirinsu ya mutu. Matuƙin jirgi ba zai tashi ba sai da takardar yanayi. Manomi kuwa ba ya biyan kowa, shi ya sa tasharsa ke hannun awaki.

Nura Kano:
Ni a ganina a daina ɓarnar kuɗi a ƙananan abubuwa, a sayi rada, na'urar da ke hango hadari daga nesa. Na karanta cewa Amurka da Tarayyar Turai suna da 636, Afirka duka 37.

Injiniya Bashir Katsina:
Lissafin haka aka yaɗa shi a 2023. Amma wanda ya kasa sauya batirin da bai fi na mota ba, shi za a ba rada mai son wuta dare da rana da injiniya a gefe? Akwai ƙasashen Afirka da suka saya, ga su can a tsaye kamar hasumiya. A fara da abin da za a iya riƙewa.

Abdul-Aziz Yamai:
Duk na ji, amma ba wanda ya amsa mini wannan. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, cikin 'yan kwanaki Faransa da Tarayyar Turai da wasu suka dakatar da tallafi. Hadari bai dakata ba. Damina ta gaba, 2024, ita ce ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta yanke hanyoyin shiga Yamai, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Sannan a Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta tsayar da ayyukan hukumar tallafinta USAID, shafin FEWS NET da ake dogara da shi wajen gargaɗin yunwa tun 1985 ya rufe watanni. Ba mu muka yi musu juyin mulki a Washinton ba. An ce Guterres na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi alkawarin kowa a duniya zai samu gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027, da dala biliyan 3.1. Wanda zai iya kashe maka fitila ranar da ya ga dama, a hannunsa za ka bar makunnin?

Injiniya Bashir Katsina:
Wannan kam ba ni da ja.

Baba Ilya Mai Ritaya:
Ni ma ba ni da ja ɗana, ka yi gaskiya. Sai dai gaskiyar taka ta fi nauyi a kanmu fiye da kansu. In mun ce mu masu 'yancin kanmu ne, to ga inda ake gwada shi: layi ɗaya a kasafin kuɗi mai suna gyaran tashoshi, wanda ake sakin kuɗinsa kafin watan Mayu, ba a takarda kawai ba. Albashin masu karatun ma'auni. Ɗaukar yara sabbi, don yawancin waɗanda na bari a aiki su ma furfura ta fito. Tauraron ɗan'adam da babbar kwamfuta da karatun digiri a waje, waɗannan a karɓi taimako, ba abin kunya ba ne, ƙasashen Turai ma haɗa kuɗi suka yi suka mallaki nasu. Amma batir? Kuɗin layin waya? In aka ce sai Bature ya saya mana batir, to ba shi ya raina mu ba.

Kuma in za a karɓa, a iya cewa a'a. Na ga lokacin da shiri uku suka kawo na'ura iri uku daga kamfani uku, kowace da manhajarta, ba mai magana da wata. Ma'aikaci ɗaya, kwamfuta uku a gabansa. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ga irin da muke amfani da shi, in za ku ba mu ku ba mu shi.

Abdul-Aziz Yamai:
A kan wannan mun haɗu Baba. Ni dai a daina yi mana gori.

Nura Kano:
Kafin a watse, mutanen Maradi, gulbinku fa daga wajenmu yake tasowa, ya bi ta dam ɗin Jibiya kafin ya shigo muku, ya sake komowa Najeriya. In ruwa ya yi yawa a Katsina akwai mai kiran wani a Maradi kuwa?

Hadiza Malamar Gona:
Masu lambu a bakin gulbi dai 'yan'uwansu na Jibiya suke kira a waya, wannan na sani.

Baba, jibi zan koma ƙauyen nan da sauran irin. Me zan iya yi da hannuna? Ba na son in taɓa abin da zai ja mini magana.

Baba Ilya Mai Ritaya:
Kada ki buɗe akwatin. Ki duba jikinsa, akwai lamba a rubuce, ki ɗauki hotonta da na allon da na wurin da farantin yake. Ki kai wa magajin garin komin ɗin da kuma ofishin yanayi na jiha, a rubuce, ki riƙe kwafin takardar ɗaya. Mazurarin kuwa ki sa yaro ya cire ciyawar ya wanke shi da ruwa, ba sabulu. In akwai sauran ma'aunin roba a ofishinku ki tafi da ɗaya ki ba malamin makarantar, da littafi da biro, ya kafa shi nesa da bishiya da bango.

Alhaji Mamman Na Gona:
Malama in akwai biyu a ajiye mini ɗaya, zan aiko yaro ranar kasuwa. Awakin kuma a bar su tukuna, su kaɗai ke zuwa aiki a wurin.

Hadiza Malamar Gona:
Akwai guda huɗu a kwali Alhaji, ɗaya ya tsage. Ka aiko shi kafin azahar.